Takardar Dunƙulen Miya

Da gilashin gyaran agogo maƙale a idonsa na same shi, ya baje 'yar takardar dunƙulen miya a kan teburin aikinsa. Baba Mai Agogo maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu.

"Zo ki gani, 'yar nan," ya ce. "Abin da suka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Karanta."

Na karɓi gilashin na karanta. Gishiri.

Wata bakwai ke nan da likita ya hana shi gishiri, bayan hawan jini ya taɓa masa zuciya. A ranar nan matarsa, Inna, ta kyautar da gishirin gidan kaf, ita ma ta daina ci don kada ya ci lami shi kaɗai. Sai dai tausayi ya sa ta ninka dunƙule, inda take sa biyu ta koma huɗu. Inna ba ta karatu, kuma ba wanda ya taɓa ce mata duk tafiyar ɗaya ce.

"To ka gaya mata mana, Baba."

Ya nuna mini ƙafafunsa da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. "Ni na riga na ji a jikina. In ta sani, da wace zuciya za ta zauna bayana? Ki riƙe bakinki."

Raina ya ɓaci, amma na riƙe. Ya koma yin loma uku ya ce ya ƙoshi, yana ta yabon miyar har Inna ta ce tsufa bai rage masa daɗin baki ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya rasu, da hantsi, a kan kujerarsa. Na yi kuka kamar ubana ne ya tafi.

Da na raka Inna asibiti daga baya, aka ce ita ma jininta ya hau. Washegari na same ta a madafa, tukunya na tafasa, ta jera dunƙule huɗu tana ɓare na farko.

"Ko ƙwayar gishiri bai ci daga hannuna ba," ta ce. "Wannan kaɗai ke sanyaya mini zuciya."

In na yi shiru ta bi shi, in na faɗa na ƙwace mata ɗan abin da ya rage.

"Inna, an ce yanzu har dunƙulen ma a bari. Sabon bayani ne."

"Sabo?" Ta ɗago kai. "Bayan rasuwarsa ya fito?"

"Bayan rasuwarsa."

Har yau ban san ko ta yarda ba. Ta ce in miƙo mata albasa, sannan ta ɗauki dunƙulen da ta ɓare ta mayar da shi cikin takardarsa, tana naɗewa a hankali, gefe bayan gefe.