Hijabi a Bakin Igwa

"Riƙe masa kai! Kai, ba haka ba, ku kama ƙafafun!"

Bu Sarmini tana tsaye a bakin shinge tana kallon maza suna ciccibar maƙwabcinta Pak Wiryo daga kujerar gora. Kofin shayin da ta kawo masa yana hannunta har yanzu. Ita ta fara ganinsa. Ta fito bayan sallar asuba, ko farin hijabinta ba ta cire ba, ta hango Pak Wiryo zaune a tsakar fili, raɓa ta jiƙa masa bargo. Ta ce, "Mai gadin taurari, yau barci ya sace ka ke nan?" Bai tanka ba. Sai da ta taɓa bayan hannunsa ta ji sanyin. Ba ta ma san ta yi ihu ba, sai ganin mutane ta yi.

Aka shimfiɗe shi a kan tabarma a baranda. Wani ya zaro farar rigar da ke rataye a bayan kujerar ya rufe masa fuska.

"Jiya fa da magariba na gan shi," in ji wata mata. "Har ya sayi soyayyen rogo."

"A wurina ya saya," in ji Bu Sarmini. Ta ji muryarta kamar ta wata.

A tsakiyar filin, madubin hangen nesa yana nan tsaye a kan ƙafafunsa uku, da kyamara ɗaure a gindinsa, yana 'yar ƙara a hankali. Mu a unguwarmu igwa muke ce masa. Pak Wiryo ya saye shi ne bayan ya bar aikin kantin magani a Wonosari, shekarar da matarsa ta rasu. Tun shigowar rani yake ɗaukar hoton wuri ɗaya tak a sama, wani gungun taurari mai nisan da ido ba ya gani. Saboda shi ne ya roƙi Bu Sarmini ta riƙa kashe ƙwan lantarkin ƙofar gidanta.

"Ƙwan nan naki ya fi wata rashin kunya, Bu. Wanke mini hoto yake yi."

"To in maciji ya sare ni a duhu, taurarin ne za su kai ni asibiti?"

Ya nuna mata hoton a kwamfuta. Ta duba, ta sake dubawa. "Wannan ai tabon mai ne a tsumma."

"Hoto ɗaya ba ya nuna komai. Sai an tara da yawa an ɗora su a kan juna, dattin ya faɗi, hasken ya tsaya. In ya kammala ke za ki fara gani."

Haka ta yi ta ferar rogo a duhu duk ranin nan, tana mita, amma ba ta taɓa kunnawa ba.

Mai unguwa, Pak Tukijan, ya iso yana gyara zanensa. Ya ce an buga wa 'yar mamacin, Ningrum, tana hanya daga Surabaya. Ya dubi samarin da suka kawo ƙarafan rumfa. "Me kuke jira? Ku kawar da igwar nan, nan mutane za su zauna."

Sai wayar mamacin ta yi ƙara a kan teburin da ke gefen kwamfutar. Kowa ya dubi kowa. Bu Sarmini ce ta fi kusa, ta ɗauka.

"Tsoho! Ka ɗauki hoton farar rigar ko har yanzu kana munshari?"

Ta gane muryar. Koh Hendra ne, abokinsa mai sayar da kayan babur a Yogya, wanda yake zuwa su yi ta gardama a kan gilasan igwar.

"Koh, ni ce, maƙwabciyarsa. Pak Wiryo ya rasu."

Ta ji ana tayar da babur a can wurinsa.

"Wane Wiryon? Jiya fa ya turo mini saƙo. Ya ce sama ta yi tas. Ya ce..." Can ya ce, "Bu, wace ƙara nake ji?"

"Yara ne za su ɗauke igwar."

"Kada su taɓa! Don Allah kada su taɓa!"

Ƙarfin muryar ya sa ita ma ta ɗaga tata. "Ku tsaya!" Samarin suka saki ƙafafun.

Koh Hendra ya yi mata bayani yana haki. Akwai ƙura a cikin madubin, ƙananan ɗigo da suke fitowa a kowane hoto kamar zobe. Maganinsu a rufe bakin madubin da farin ƙyalle da safe, a ɗauki hoton farin kawai, kwamfuta ta gane inda ƙurar take ta cire ta daga sauran. Amma sai in kyamarar tana nan yadda take. In aka kwance ta ko aka girgiza, ƙurar ta gusa, shi ke nan. Pak Wiryo ya bar wannan aikin sai ranar ƙarshe, kuma yau ce ranar, don hadari ya fara haɗowa.

"Ya ajiye farar riga a kusa. Duba, Bu."

Ta duba. Rigar tana kan fuskarsa, ta lafe a kan hancinsa.

"Bu Sarmini," in ji mai unguwa a hankali, "gawa a kwance, ke kina wasan hoto? Me mutane za su ce?"

"Ban sani ba, Pak." Ta ajiye kofin a ƙasa. "Ku ba ni kaɗan."

Ba za ta iya ɗaga rigar nan ba. Ta tsaya tana kallon baranda, sai ta kama hijabinta ta cire shi ta ka, ta rage daga ita sai ɗankwali da rigar gida. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi, Sarmini ta zautu."

Ta gaya wa Koh Hendra a waya cewa da hijabinta za ta yi. "Ninka shi biyu," in ji shi. "Ban da wurin da aka yi ado. Ki ja shi ya miƙe, kada ya yi tattara."

Tsawonta bai kai bakin igwar ba. Pak Tukijan ya yi tsaki, ya dubi sama, sannan ya matso ya karɓi gefe ɗaya. "Kawo nan. Kai, miƙo robar can." Suka ɗaure. Ta kunna bidiyon wayar ta haska wa Koh Hendra fuskar kwamfutar, yana cewa ba nan ba, ƙasa, na hagu, yawwa. Sau biyu tana danna inda ba shi ba. A na uku kyamarar ta ce ƙyas. Ta sake cewa ƙyas. Kowa ya tsaya yana kallo, har aka fara sanar da rasuwar a lasifikar masallaci, ita kuwa kyamarar tana ta yi.

"Ya isa, Bu," in ji Koh Hendra. Kuka yake yi. "Su ɗauke."

Ranar addu'ar bakwai Koh Hendra ya zo da yamma, da ambulan a cikin rigarsa, a jiƙe, don ruwan farko ya kama shi a hanya. Ningrum ta miƙa hannu za ta karɓi ambulan ɗin, ya ce ta yi haƙuri, akwai wadda aka yi wa alkawari. Ya tsallaka shinge.

Bu Sarmini ta zaro takardar hoton da ya kammala a ƙofar gidanta. Baƙi wuluk, babu ɗigon ƙura ko ɗaya, a tsakiya kuma wani haske ya murɗa kamar madarar kwakwa in an juya ta a tukunya, da shuɗi-shuɗi a gefe.

Magariba ta kawo kai, duhu yana cin takardar. Ta kai hannu kan makunnin ƙwan, ta bar shi a nan, ba ta kunna ba. Sai ta matsa bakin baranda, ta karkata hoton wajen ɗan hasken da ya rage.