Jan Fenti a Bangon Kande

Yazidu mutumin Damagaram ne, inda ruwa sai na tabki, kuma kowa ya san halin tabki: damina ya cika, rani ya janye. Da wannan ɗan ilimin ya iso Gaya, aka ba shi kujera da ordinater, wato kwamfuta, a biron wani furoje, wato ofishin wani shiri mai kula da bakin gulbi.

Aikin ba wuya. An ce kada gini ya saura cikin metir ɗari daga ainihin gaɓar gulbi, ba daga inda ambaliya ke kaiwa ba. Sai gogan ya ɗauko hoton tauraron ɗan adam na watan Janairu, a zuwan rani ne, ruwa ya koma makwancinsa. Ya bi gefen ruwan ya ja layi, ya rubuta ɗari, ya danna. Nan take na'urar ta shimfiɗa jar ɗamara a gefen gulbin, abin da suke kira zon tampon. Gida goma sha bakwai suka faɗa ciki. Aka sa hannu, aka buga hatimi, aka aika Yamai.

Abin da ba wanda ya gaya masa, don a Gaya ko akuya ta san shi, gulbin nan cika biyu yake yi. Bayan jan ruwan damina akwai baƙin ruwa mai tasowa tun daga Gine, wanda ba ya isowa sai tsakiyar lokacin ɗari. A Janairu gulbi cike yake maƙil, ya malale fadama. Daga bakin malalar Yazidu ya auna.

Sai a watan Mayu ya taka wurin, tare da masu shafa jan fenti a gidajen da za a rushe. Wata tsohuwa mai bandar kifi, Kande, ta fito tana goge hannu a zane, ta kira shi Mushe, wato malam a faransance.

"Mushe, ka ce metir ɗari. To, ga gulbin can. Auna mu gani."

Ya ja igiyar awo a kan busasshen laka har gaɓa. Metir ɗari biyu da sittin. Ya sake ja, ko Allah zai sa ya yi kure. Bai yi ba, kunya ta rufe shi.

"Inna, kuskure ne, kuma nawa ne. Zan gyara."

A na'ura kam minti biyar ya ishe shi. Amma shef ɗinsa, wato shugabansa Mamman, ya saurare shi har ƙarshe, ya buɗe hannuwa.

"Yazidu, sunaye sun wuce Yamai, an amince. Ni da kai ba mu isa ba. Rubuta takarda."

Ya rubuta uku. Ya buga waya har aka daina ɗauka. Wanda ya ɗauka na ƙarshe ya ce za a duba bayan an gama aikin, wato ihu bayan hari.

Da wa'adi ya cika ya koma bakin gulbin, don zama a biro ya gagare shi. Ya tarar Kande da maƙwabcinta Seyni suna cire kwanon rufi da kansu, kada motar rusau ta lanƙwasa shi. Ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Shekara arba'in ina nan, Mushe. Ruwan Allah bai taɓa shiga ɗakin nan ba, sai naka."

Yazidu ya matso kusa. Ta nuna masa gefen kwanon da haɓa.

"Kama can, yana da nauyi."

Ya kama.