Kazar Ɗorin Malam Attahiru

Saura kwana goma sha biyu bikin samun 'yancin kai, Malam Attahiru, mai koyar da kiwon lafiya a makarantar Tambuwal, ya je Kebbe gaida goggonsa Tambaya. Yana saukowa daga keke ya taka bakin rami, ƙafa ta juya. Kafin la'asar idon sawunsa ya kumbura suntum.

Shi aka zaɓa ya ja faretin 'yan makaranta ranar bikin, ya kuma gaya wa duk wanda ya tsaya saurare. Shi ne kuma mai zana idon sawu a allo kowane zango, ƙasusuwan ƙwauri biyu da ɗan ƙashin da suke hawa, yana cewa maɗora ko adadinsu ba su sani ba.

Disfensa, mai ba da magani a asibitin garin, ya latsa wurin, ya ce targaɗe ne, jijiya ce ta ji jiki, ƙashi lafiya lau, hutun mako guda ya isa. Malam ya yi masa godiya da Turanci. Washegari ya aika a kira masa Bube maɗori, amma ya ce a shigo da shi ta ƙofar baya.

Bube ya murza ƙafar da man shanu, ya ɗaure da kara. Sannan ya kama wata kazar Goggo, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta ita ma. Ya ce ran da ta taka, ran nan Malam zai taka. Wanda ya riga kazarsa takawa, da ɗingishi zai mutu.

Kwana shida kumburi ya sace. Kazar kuwa ta lallaɓa ƙarƙashin rumbu ta kwanta kan ƙwanta. Takan ja ciki ta ci tsaba ta koma. Bube ya ce jan ciki ba taku ba ne, kora kuma ba ta cikin sharaɗi.

"Kwanci taka yi, ɗan nan, sai ta yi sati uku," in ji Goggo. "Tashi ka taka. Ba kai ka koya ma ɗiyan mutane ƙashi ba?"

Malam ya ce ba wai ya yarda da camfi ba ne, taka-tsantsan ne irin na masu ilimi.

Hedimasta ya aiko sau biyu. Malam ya rubuta amsa mai shafi uku, da zanen ƙashi a gefe.

Ranar bikin malamin lissafi ne ya ja faretin. Malam Attahiru yana Kebbe kan tabarma, ƙafa a miƙe, yana watsa gero nesa da rumbu yana kiran kazar da lallashi.