Kilo Tara na Ƙarfe

Duk ɗalibin da ya kwana biyu a Alƙahira ya san cewa babu mai farin jini kamar wanda zai je gida hutu. Wanda bai taɓa ɗaga maka hannu ba sai ka gan shi a ƙofar ɗakinka da fara'a da ƙullin saƙo. Badamasi bai taɓa shiga wannan sahun ba. Shekararsa huɗu a unguwar Darrasa yana karatun Shari'a, ko allura bai aika garinsu Funtuwa ba, don haka ya ga babu laifi idan sau ɗaya ya ɗora wa amininsa Nata'ala nauyi.

Mahaifin Badamasi, Malam Ya'ƙub, kafinta ne. Da zarto da guduma ya ciyar da gidansa, da su kuma ya tara kuɗin jirgin ɗansa. Sai dai akwai wata magana da ke tsakaninsu. Ana jibi zai taso, Badamasi da rawar kan ƙuruciya ya ce, "Baba, ni dai Allah Ya raba ni da cin ƙurar katako." Tsohon bai tanka ba, ya ci gaba da aikinsa. Wannan shirun ya biyo Badamasi har Masar, ya hana shi sakat. Baki bai iya neman gafara ba, sai ya ƙudurta cewa kayan aiki za su nema masa.

Wata takwas yana tsimin tallafin da makaranta ke ba su, wake da burodi safe da yamma, har abokai suka fara kiransa Sarkin Wake. Da abin ya taru, ya nufi wani lungu a bayan kasuwa, shagon wani dattijo Bamisire da kowa ke kira Ammu. Idonsa ya fara sauka kan wani akwatin roba ja, cizal goma sha biyu a jere suna walƙiya, ga araha kamar tsintuwa.

Ammu ya yi dariya. "Wannan kayan waje ne da jirgin ruwa ke jibgowa, ɗana. A ido yake aiki, ba a katako ba. Wa za ka saya wa?"

"Mahaifina. Shekararsa arba'in yana kafinta."

"To kada ka zage shi da wannan."

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wasu cizal shida, baƙaƙe, munana, ƙirar wani maƙeri na nan cikin gari. Ya ɗauki ɗaya ya aske gashin hannunsa da shi, sumul. Ya haɗa masa da tsohon filen na feƙe katako ƙirar Jamus wanda ya riga Badamasi zuwa duniya, da zarto, da dutsen wasawa. Kuɗinsu ya ninka na jan akwatin sau biyar. Badamasi ya biya yana jin zafi, amma araha ba ta ado. Ya shafe su da mai, ya naɗe a tsohuwar jallabiya, ya zuba a buhu. Da aka ɗora a sikeli, kilo tara cif.

Nata'ala ɗan unguwarsu ne a Funtuwa, mahaddaci, mai muryar da ke sa tsofaffi kuka a tarawihi. Ya karɓi buhun da hannu biyu. "Haba Badamasi, Baba ai ubana ne. Khalas, shi ke nan, ka ɗauka ya isa hannunsa."

Azumi ya wuce, ƙaramar salla ta wuce. Duk lokacin da Badamasi ya buga waya, sai mahaifinsa ya ce, "Saƙo ya iso, an gode," ya miƙa wa mahaifiyar Badamasi wayar. Ko kalma ɗaya a kan kaifin cizal babu. Sai bayan babbar salla ƙanwarsa Humaira ta kasa riƙewa.

"Yaya, me Baba ya yi maka?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Tun da aka ce kaya na tafe daga Masar, Baba ya rabar da tsofaffin cizal ɗinsa ga maƙwabtan rumfa. Ranar da saƙo ya iso ya tara kafintocin layinsu, ya buɗe jan akwati a gabansu. Bugu biyu ya yi wa cizal na farko a kan katakon maɗaci, bakinsa ya lanƙwashe. Wani ya juya akwatin, sai ga takardar farashi ta wani shago a Kano manne a gindinsa. Ba wanda ya yi dariya, in ji Humaira, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

"Jan akwati?" Badamasi ya tambaya.

Kwana uku ke nan da dawowar Nata'ala Alƙahira. Badamasi ya shiga motar Hayyin Ashir, unguwar da Nata'ala ke zaune, zuciyarsa na tafasa, ya hau bene hawa biyar bai tsaya numfashi ba. Bai ma sha wahalar bincike ba. Buhunsa na baranda, an ɗora masa tukunyar gas, ɗaurin da ya yi da hannunsa ko kwance shi ba a yi ba.

Nata'ala ya fito yana gyara hula. Kunya ta ɗan gilma a fuskarsa, ta wuce.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa, zauna in yi maka bayani. Kilo arba'in da shida kawai jirgi ya ba ni. Wata hajiya ta sayi kilo ashirin a ciki ta zuba abayoyi, ga littattafan mutane. Kai kuma ka kawo min ƙarfe kamar za a gina gada. Na duba na ga tsofaffin kaya ne, baƙi ƙirin. Wallahi kunyar kai wa Baba su na ji. Da na sauka Kano na saya masa sababbi fil, da kuɗin aljihuna."

"Ka ce masa daga ina suke?"

"Daga wajenka mana. Ai ƙarfe ƙarfe ne."

Abin da ya fi ƙona ran Badamasi shi ne, mutumin nan jira yake a gode masa. Ashe kura ya bai wa ajiyar nama, kura mai karatu da tajwidi. Shekara huɗu suna cin kwano ɗaya, ya yi jinyar Nata'ala lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, amma da aka zo awo, abayar hajiya ta fi mutuncin ubansa nauyi. Bai zage shi ba, don in ya buɗe baki kuka ne zai fito. Ya ture tukunyar gas, ya saɓa buhunsa ya sauka.

A bakin titi, cikin hayaniyar masu shayi da ƙarar motoci, ya ajiye buhun tsakanin ƙafafunsa ya kira gida. Wannan karon ya roƙi mahaifinsa kada ya miƙa wayar. Ya faɗi komai, tun daga shagon Ammu har zuwa baranda.

Malam Ya'ƙub ya saurara har ƙarshe. Sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Badamasi, da ka ce min ba ka da hali, da na fahimta. Ɗalibi ne kai. Da ka ce ba ka san ƙarfe ba, shi ma na fahimta, tunda ba ka taɓa son sana'ar ba."

"Baba, wallahi ga kayan nan a gabana..."

"Bar rantsuwa. Yaron nan ya yi maka ɗawainiyar saƙo, ya zo har rumfa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja mu salla dare talatin. Kunyar da na sha ta ishe ni. Kada ka ƙara min da ta ɗan da ke yi wa mahaddaci ƙazafi."

Badamasi ya buɗe baki, sai ya ji muryar mahaifinsa ta yi nisa, yana cewa, "Humaira, zo ki karɓa, yayanki ne."