Farin Ragon Inna Tabawa

Tun safe Ummukulsum ta kasa zama. Ta shiga shago ta fita, ta ɗaga waya sama neman sabis, ta dawo ta zuba wa kwamfuta ido.

Ita ta rubuta ɗan shirin da ke kwashe hotunan raguna daga kwamfutarta ya ɗora su a saba, wato ma'ajiyar intanet, inda masu saye daga Legas ke dubawa su zaɓa. Mahaifinta Nasidi, dillalin dabbobi, bai taɓa yarda da abin ba sai bana. Ga shi ranar kasuwar Mafara ce, motar Kudu za ta tashi bayan la'asar, kuma cikin tulin hotunan da ta tura 'yan kaɗan ne suka bayyana. Shirin kuwa ya nace cewa ya gama aikinsa lafiya lau.

Ta zargi sabis, ta zargi kalmar sirri, har mai sabar ma sai da ya sha tsaki. Ta sake turawa, sammakal. Haushi ya ishe ta, don ita ce ta cika baki a gida.

Sai da ta bi sunayen hotunan ɗaya bayan ɗaya ta gano matsalar. Nasidi da launi yake kiran dabba, ita kuma yadda ya faɗa haka take sa wa hoto suna: Fari, Baƙi, Ja. A kwamfutarta kowace kasuwa da foldarta, Bakura daban, Maradun daban. Shirin kuwa wuri ɗaya yake juye su, duk Farin da ya zo sai ya danne na gabansa. Foldar ƙarshe ita ce ta ƙauyensu Tsibiri, wadda babu kayan sayarwa a cikinta, sai hoton ragon kakarta Inna Tabawa, mahaifiyar Nasidi, shi ma da suna Fari. Shekara guda tsohuwar tana kiwon sa da dusa da harawa don layyarta, kuma Ummukulsum ta ɗauke shi hoto ne don sha'awa kawai.

Ta ruga kara, inda ake cinikin dabbobi, ta sami mahaifinta yana fara'a.

"Ɗiyata, abin naki ya yi! Alhajin Legas ya ga Hwari, ya turo min hoton, yac ce wanga shika so. Na sallama mai."

"Baba, ka duba hoton da kyau?"

"Mi zan duba? Hwari dai hwari na."

Ta karɓi wayarsa, ta buɗe hoton ta ƙara masa girma. Ga jan zare a wuyan ragon, ga tsohuwar ƙwaryar dusa a gefe. Nasidi ya san ƙwaryar, da ita ake aikensa tun yana yaro. Fara'arsa ta ɗauke.

"A kira shi a ce kuskure na," in ji ta.

"Wanga ragon yag gani, kuma gaban shaidu nis sallama. Dillalin da yas saɓa magana tai, wa ka sake saye gare shi?"

Ya daɗe yana kallon motar da ake lodi. Sannan ya kwance igiya daga turke ya miƙa mata.

"Hau mashin mu tai Tsibiri. Ni ba ni iya hwaɗa ma Inna, ke za ki yi."