Ƙazafin da Baba Ya Yi wa Bango

Takardu biyu suka zo wa Auta a mako guda, kowacce daga jami'a, kowacce tana cewa an ba ta gurbin karatun zanen gine-gine. Ɗaya tana nan cikin gari, mota ɗaya za ka hau ka sauka a bakin ƙofarta. Ɗayar kuwa sai an wuni an kwana a jirgin ƙasa. Ita ce wadda Auta ta yi shekara biyu tana kallon hotunanta a waya: ɗakin zane mai tagogi har rufi, kowane ɗalibi da teburinsa, ga wani zaure da ake yanka kwali da katako ana haɗa ƙananan gidaje. Ta cikin gari kuwa sashen nata sabo ne, malamai uku kacal, teburi ma karɓa-karɓa ake yi.

Da a bara ne, ai babu abin shawara. To amma bana likita ya riga ya gaya musu abin da ke cin idon Baba. Ya ce hasken daga gefe yake tafiya, kuma ba ya dawowa. Shekara ɗaya, in an dace biyu. Baba magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo. Yayyen Auta duk aure da aiki sun kwashe su. Ita ke ɗiga masa magani, ita ke karanta masa ƙananan lambobin da ke jikin zane in an kawo masa aiki.

Don haka ta tashi ta yi ta yabon ta cikin gari. Ta ce ɗalibai kaɗan ne, malami zai san sunanta. Ta ce ta nesa suna ne kawai. Inna ta karɓe zancen da sauri, har da cewa ita ma dama ranta bai kwanta da waccan ba, alhali ko sunan makarantar ba ta iya faɗa daidai.

Baba yana zaune yana kankare busasshen siminti daga cokalin gininsa, bai ɗago ba. Sai da suka gaji ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san abu ɗaya: makarantar da za ta koya wa mutum gini, ginin kanta ake fara dubawa. Ba zai sa hannu a takarda ba sai ya je ya gani.

Inna ta ce, “Da wane idon?” Sai kuma ta kama bakinta.

Ya ce, “Da wanda na gano ki da shi. Kin ga kuwa tun can ba wani idon kirki ba ne.”

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Washegari da hantsi shi da Auta suka tafi ta cikin garin, ya sa rigarsa ta fita, ya jefa zaren awonsa a aljihu, wato zaren nan mai dalma a baki da yake sakewa a jikin bango ya ga ko ya miƙe. Ginin sashen bene ne mai hawa biyu, fentinsa bai gama barin wari ba. Baba bai tambayi ofishin kowa ba. Ya hau matakala a hankali yana auna kowace da ƙafa. Ya ƙwanƙwasa shafen bango da bayan yatsa yana saurare. Ya zagaya baya ya shafa inda ruwan rufi ke sauka. Ɗalibai suna wucewa suna kallonsu, Auta kamar ta nutse.

Ita ma fa 'yar magini ce, tun tana rarrafe take cikin yashi. Tana gani ta san aikin nan mai kyau ne. Kuma ta san halin ubanta. A shekara arba'in bai taɓa kushe aikin wani magini ba in ya yi kyau, ko da wanda ya ƙwace masa kwangila ne. Yakan ce hannun mutum amana ne, ba a yi masa sharri. Saboda haka hankalinta ya kwanta: zai yaba, za ta zauna.

A gaban ɗakin zane ya tsaya. Ya ɗora tafinsa a bango ya shafa daga sama har ƙasa, ya daɗe. Ta ga bakinsa ya motsa yadda yake yi in aiki ya burge shi. Sannan ya ciro zaren, ya kafa a sama, ya saki dalmar. Ta yi lilo ta tsaya. Zare da bango suka tafi tare sambal, babu ko gashin bambanci.

Ya ce, “Ya kauce. Yatsa biyu cur.”

“Baba…”

“Ni idona ya tafi, ke ce mai ido. Duba da kyau ki gaya mini. In bangon nan a miƙe yake, na sa hannu yau, ki zauna kina ɗiga mini magani har ki tsufa. In kuwa ya kauce, 'yata ba za ta koyi gini a karkataccen ɗaki ba.”

Ta dubi zaren, ta dubi fuskarsa. Mutumin da bai taɓa yi wa bulo ɗaya ƙarya ba, ga shi a tsaye gaban mutane yana yi saboda ita, yana kuma roƙon ta taya shi. In ta faɗi gaskiya, ta zubar masa da abu mafi tsada da ya taɓa ba ta.

Ta ce, “Ya kauce, Baba.”

Ya naɗe zaren a yatsunsa ya danƙa mata. Suka koma gida. Inna ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, ran na huɗu ta fara ɗinke wa Auta jaka.

Likita ya ce shekara, amma wata bakwai aka yi idon Baba ya rufe. Ran da Auta ta dawo hutun farko, muryarta ya juya ya bi, ba fuskarta ba. Ta zo da ɗan gidan kwali da ta haɗa, wanda ta rungume a cinya tun daga jirgi. Ya bi shi da yatsu, ɗaki ɗaki, ya zura ɗan yatsa ta taga, ya ce matakalar ta yi tsaye da yawa, tsohuwa irin Inna ba za ta hau ba. Zanen da malamai suka yaba kuwa yana cikin jaka a naɗe. Ba ta fito da shi ba.

Da safe ya ce ta raka shi wani wuri. Mota ɗaya suka hau. Ta riƙe masa gwiwar hannu a matakala, ko da yake ƙafarsa ba ta manta ko ɗaya ba. A gaban ɗakin zanen ya lalubi bangon, ya ɗora tafinsa, ya shafa daga sama har ƙasa.

A hankali ya ce, “Ban san ka ba, ɗan'uwa, amma hannunka ya iya. Na yi maka ƙazafi. Ka yafe mini.”

Auta ta juya ta fuskanci taga, ta manta ba sai ta ɓoye masa fuska ba.