Abokin Zaman Inna Dada

Ban taɓa riƙe aji mai tara gumi irin na ma'aikatan lafiyan nan ba. Ranar Asabar mu haɗu a Birnin Kudu, sauran ranakun kowa ya turo min muryarsa ta waya yana Turanci, in saurara in gyara. Akwai masu difloma, akwai waɗanda ko firamare ba su gama ba.

Inna Dada ungozoma ce daga Dingaya, can Gwaram. An faɗa mata ƙarara, in ba ta kawo takardar kwas ɗin nan ba, wata za a sa a gurbinta a asibitin garinsu. Takardar kuwa ba ta samuwa sai mutum ya tsaya gaban aji ya yi maganar minti biyu da Turanci.

A waya tsohuwar nan ba dama. Kaji na kuka a bayanta, ita kuwa tana zuba min yadda ake wanke hannu kafin karɓar haihuwa. Amma a aji sai ka ce an ɗinke mata baki. Ni da dabarata ta haɗa gwani da mai rauni, na zaunar da ita kusa da Munzali, wanda ya fi kowa iyawa. Ta ja mayafi ta juya masa ƙeya, shi ma ya kafa ido a ƙasa.

Mako huɗu ana haka. Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa son raina. Da aka tashi, wata ɗaliba, Ummussalma, ta ja ni gefe ta ce, "Malama, Munzali fa mijin 'yarta Rahamatu ne."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na haɗa suruka da surukinta benci ɗaya, wai su kalli juna su yi hira! Na raba su, amma tsoro bai bar ni ba, don ranar gwaji yana cikin ajin.

Ranar ta zo. Ina kiran sunanta, sai Munzali ya miƙe, ya ce zai ɗan fita. Yana fita Inna Dada ta buɗe baki. Sai da ta zarce minti uku tana magana.

Na leƙa in kira shi, na same shi tsugune ƙarƙashin taga yana share ido. Ashe kullum bayan la'asar shi ke koya wa Rahamatu darasin, ita kuma ta buga waya ta koya wa mahaifiyarta. Ya roƙe ni kar in bari Inna ta san daga wajensa ne.

Ban faɗa ba. Amma da ta zo yi min sallama, ta riƙe hannuna, ta kau da kai daga inda yake tsaye.

"Malama," ta ce a hankali, "ki ce wa mutumin nan Allah ya yi masa albarka."